Maiƙon tantanin ƙwayar jiki da yadda garkuwar jiki take fuskantar ciwon daji

Kafin mu shiga cikin magana, ya kamata mu daidaita da mai karatu bisa kalmomi uku. Ƙwayar jiki ita ce ɗan ƙanƙanen tubalin da aka gina jikin kowane mai rai da shi. Tantani shi ne fatar nan mai laushi da ta kewaye ta. Abin da aka yi tantanin da shi kuwa, mun kira shi maiƙo, ba mu ce kitse ba, domin kitse a bakin Bahaushe ajiya ce da ake gani jikin nama, alhali abin da muke nufi kayan gini ne.

A shekara ta 1925 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi bisa ruwa, suka tarar faɗinsa ya kai wajen ninki biyu na faɗin ƙwayoyin. Daga nan suka ce tantani ruɓi biyu ne. Kowane ɗigon maiƙo yana da kai mai son ruwa da wutsiyoyi biyu masu gudunsa. Kawunan suna duban waje da ciki, wutsiyoyin sun ɓuya a tsakiya. Kaurin duka bai wuce kamar nanomita 5 ba, watau milimita guda an raba ta kashi 200.000. A 1972 Singer da Nicolson suka ƙara da cewa tantanin ba daskararre ba ne, furotin suna yawo cikinsa kamar ƙorai bisa tabki.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne ruɓin waje da na ciki ba iri ɗaya suke ba. Akwai wani maiƙo mai suna fosfatidilserin wanda lafiyayyar ƙwaya take tsare da shi a ruɓin ciki. Tana kashe ƙarfi a kan haka, don akwai furotin da aikinsu shi ne duk wanda ya leƙo waje su mayar da shi. Ranar da ƙwaya ta zo mutuwa, sai wannan aiki ya tsaya, maiƙon ya fito fili. A 1992 Valerie Fadok da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa makrofaj, watau manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye shara, da wannan alama suke gane gawa. Amma ba haɗiyewa kaɗai suke yi ba. Idan sun haɗiye, sai su saki sinadarai masu kwantar da garkuwa, kamar TGF-beta da IL-10, domin mutuwar yau da kullum ba ta cancanci a buga gangar yaƙi ba. Dabara ce mai kyau, tun da yake biliyoyin ƙwayoyi ke mutuwa cikin jikinmu kowace rana. Jajayen ƙwayoyin masu ciwon sikila ma suna fitar da wannan maiƙo fiye da kima, yana kuma cikin dalilan da suka sa ake saurin kawar da su daga jini.

To, ciwon daji ya sami ƙofa a nan. Cikin ƙari ƙwayoyi suna mutuwa da yawa saboda ƙarancin iska da abinci, wasu kuma da ransu suke fitar da fosfatidilserin, har da ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jinin ƙarin. Makrofaj da suka iso wurin sai su ɗauka zaman makoki ne, su koma masu lallashi. An ƙera wani antikor mai suna bavituximab don ya rufe wannan alama. Ya yi aiki ga ɓeraye, amma a 2016 aka dakatar da babban gwajinsa kan masu ciwon dajin huhu, don an ga ba zai ƙara musu kwana ba.

Ga wani abin mamaki kuma. Limfosit T masu kisa, idan sun manne da ƙwayar daji, suna fesa mata furotin da ake kira ferforin, wanda yake huda tantaninta, guba ta shiga. An daɗe ana tambaya, me ya hana makamin ya huda mai shi? A 2019 masu bincike a Melbourne ta Ostareliya suka ba da amsa: tantanin limfosit a wurin mannewar ya cushe ƙam, ferforin ba ya samun wurin kafa, wanda ya kafa kuma fosfatidilserin ya kama shi ya lalata. Ke nan ƙwayar dajin da ta iya kwaikwayon wannan shiri tana iya rage kaifin makamin.

Batun kolestarol ya fi rikitarwa, kuma nan ne ya kamata a yi hattara da masu gaggawar yanke hukunci. A 2016 ƙungiyar Chenqi Xu a Shanghai ta toshe wani anzim mai suna ACAT1, wanda yake kwashe kolestarol ya kai ma'aji. Da aka toshe shi, kolestarol ya ƙaru a tantanin limfosit T, masu karɓar saƙo na bisa tantanin suka taru gungu-gungu, limfosit suka fi kashe ciwon dajin fata a jikin ɓeraye. Shekara uku bayan haka, a 2019, wata ƙungiya a Amurka ta nuna cewa kolestarol ɗin da ya taru cikin ƙari yana gajiyar da waɗannan limfosit ɗin, har su riƙa fitar da PD-1, birkin nan da Tasuku Honjo ya gano, wanda ya sa aka ba shi kyautar Nobel tare da James Allison a 2018. A ganinmu maganganun biyu ba su karo da juna ba: na farko yana zancen kolestarol na bisa tantani, na biyu na wanda ya cika cikin ƙwayar. A 2021 kuma masana a Lozan ta Suwizalan suka duba ta gefen ƙwayar dajin kanta. Yawan kolestarol yana sa ta yi laushi, limfosit kuwa sai ya danna da ƙarfi kafin ya huda, abu mai laushi kuma ba ya dannuwa. Da suka rage kolestarol ɗin, ƙwayar ta yi tauri, kisa ya ƙaru. Duk wannan a ɗakin bincike da jikin ɓeraye aka gan shi. Kada wani ya ɗauka ana nufin ya ƙara ko ya rage man shanu a tuwonsa, don yawancin kolestarol jiki ne yake ƙera abinsa.

Inda maiƙon tantani ya riga ya zama magani a asibiti shi ne wajen gangliyozid, maiƙo mai ɗauke da sukari a kansa, wanda Bajamushe Ernst Klenk ya raɗa wa suna a 1942. Wani irinsa, GD2, ya yi yawa bisa ƙwayoyin nuroblastom, ciwon daji na ƙananan yara da ke tasowa daga jijiyoyin laka, sau da yawa a bisa ƙoda. Ƙarin yana zubar da gangliyozid kewaye da shi, su kuma suna sanyaya limfosit. Amma yawan nasa ya zama tabo da ake gane ƙwayar da shi. An haɗa antikor mai kama GD2 ya kira ƙwayoyin garkuwa, aka gwada shi tare da wasu magunguna masu zuga garkuwa kan yara 226. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa bayan shekara 2, kashi 66 cikin 100 na waɗanda suka samu ciwon bai dawo musu ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 46. Amurka ta amince da maganin a 2015 da sunan dinutuximab. Yana da tsananin zafi lokacin ƙarin ruwa, saboda jijiyoyin jin ciwo ma suna ɗauke da GD2, shi ya sa ake haɗa shi da morfin.