Fitsarin Kwance: Ba Laifin Yaro Ba Ne

A gidaje da yawa, uwa takan tashi da asuba ta wanke zani, ta shanya katifa a bayan ɗaki don kada maƙwabta su gani. Yaron kuwa ya sha duka, 'yan'uwansa su bi shi da tsokana suna ce masa amalala. Har ya ƙi zuwa kwana gidan kakarsa, ya ji tsoron makarantar kwana. Iyaye, ba da gangan yaron nan yake yi ba, kuma akwai taimako.

Yaushe ne ya zama matsala?

Likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala sai yaro ya kai shekara 5. A wannan shekarar, kimanin yara 15 cikin 100 suna yi, kuma maza sun fi yawa. Kowace shekara wajen 15 cikin 100 na masu yi sukan daina da kansu. Abin yana bin jini: in uwa da uba duk sun yi a ƙuruciya, kusan uku cikin huɗu na 'ya'yansu za su yi.

Me ke kawo shi?

Dalilai uku ne manya. Na farko, akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa da dare mai sa ƙoda ta rage fitsari. A jikin wasu yara ba ya isa. Na biyu, mafitsarar wasu ba ta riƙe fitsari da yawa. Na uku, yaron ba ya farkawa ko da mafitsara ta cika. Taurin bayan gida ma yana ƙara matsalar, domin hanjin da ya cika yana danne mafitsara.

Abin da za a yi a asibiti

Likita zai yi tambayoyi: Dare nawa a mako? Yana jiƙa wando da rana? Yaya bayan gidansa? Yana minshari? Ya taɓa dainawa? Zai duba cikinsa da gadon bayansa, in da hali a gwada fitsari. Kafin ku je, ku rubuta dararen da ya jiƙa shimfiɗa na mako biyu.

Ku hanzarta zuwa asibiti in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Yaron ya yi wata 6 ba ya yi, sai ya koma. Wannan na iya nuna ciwo ko damuwa, kamar rasuwa ko rigima a gida.

Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama. Alamun ciwon sukari ke nan, a kai shi a ranar.

Zafi wajen fitsari ko zazzaɓi.

Jini a fitsari, musamman ga yaran da ke wanka a rafi ko kududdufi, saboda tsargiya.

Taimako a gida

A ba yaro ruwa sosai da safe da rana, a rage shi awa ɗaya ko biyu kafin barci. A guji shayi da lemon kwalba da yamma. Ya riƙa fitsari a kai a kai da rana, ya kuma yi daf da kwanciya. A ba shi ganye da kayan marmari don bayan gida ya yi laushi. A ajiye masa fo da tocila kusa, domin wasu tsoron duhu ke hana su fita. A shimfiɗa leda a kan katifa.

Ku yaba masa kan abin da yake iyawa, kamar yin fitsari kafin barci. Duka da gori ba sa warkarwa, sai ƙara masa tsoro. Ɗaga shi cikin magagin barci yana tsare shimfiɗa, amma ba ya koya masa farkawa.

Gargaɗi: mai ciwon sikila yakan yi fitsarin kwance domin ƙodarsa tana sakin ruwa da yawa. Kada a hana shi ruwa, rashinsa na iya tayar masa da ciwo.

Magani

Akwai 'yar na'ura mai ƙara da ake maƙalawa a wando, wadda ke tada yaro da zarar ɗigon farko ya fito. Tana buƙatar haƙurin wata biyu zuwa uku, har ya yi dare 14 a jere bai jiƙa ba. Kusan biyu cikin uku suna dainawa da ita.

Akwai kuma ƙwayar desmopressin mai rage fitsarin dare. Tana aiki da sauri, amma yara da yawa suna komawa in an daina. Dole a guji shan ruwa daga awa ɗaya kafin shanta har awa 8 bayan haka. Likita kaɗai ke rubuta ta. Kada ku sayi maganin fitsarin kwance a kemis ko a kasuwa. Wani mai suna imipramine yana iya kashe yaro in ya yi yawa.

Yau da dare, ku kira ɗanku gefe ku gaya masa ba shi kaɗai ba ne, kuma zai daina. In ku ma kun yi a ƙuruciya, ku faɗa masa.