Amsa-Kuwwa Ta Tona Ciwon Zuciyar Kyanwa

Duk wanda ya leƙa rijiya mai zurfi, irin Kusugu ta Daura, ya yi kira, lalle muryarsa za ta komo masa. Haka wata na'urar likitoci ke aiki: ta aika sauti cikin ƙirji, ya komo, ta mai da shi hoto. A 1953, a ƙasar Suwidin, Edler da Hertz suka fara duba zuciyar mutum haka, kana likitocin dabbobi suka ɗauka.

Zuciyar kyanwa ɗaki huɗu gare ta, kamar tamu. Akan haifi wata da huda a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa, jini yana zurarewa ta nan. Ƙaramar huda ba ta hana tsawon rai. Babba kuwa takan tara ruwa a huhu, kyanwa ta tsumbure, tana haki. Na'urar ce ke nuna faɗin hudar.

Muna roƙon malamai da ma'aikata su faɗakar da jama'a: ciwon nan ba ya yaɗuwa, ba kuwa aikin iska ba ne. Kada a yar da mai tsare mana rumbu daga ɓera. A kai ta wurin likitan dabbobi.