Bishiyar da ke gudun ruwa, da sauran abubuwan mamakin Pokémon

Duk yaron da ke danna wasan Pokémon a wayarsa, a Gummi yake ko a Anka, ya san dokar farko: ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa. Sai dai kamfanin Game Freak na Japan ya sha sauya wa halittun wasan rukuni da baiwa, duk lokacin da wani ya gagari saura.

Da wasan ya fito a 1996, halittu 151 ne a rukuni 15, kuma masu faɗa da ƙarfin ƙwaƙwalwa ne ke cin karensu ba babbaka. Rukunin fatalwa aka tanada ya riƙa karya su, amma kuskure wajen rubuta manhajar ya sa bugunsa ko gezau ba ya sa su yi. A 1999 aka ƙirƙiro rukunin duhu da na ƙarfe don a taka musu birki. Magnemite ya kwana yana lantarki zalla, ya wayi gari lantarki da ƙarfe.

'Yan rukunin dodanni ma sun ga tasu a 2013, da aka kawo rukuni na 18, na aljanu, wanda bugun dodo ba ya yi wa komai. Clefairy, 'yar dunƙulalliya ruwan hoda, can aka mayar da ita.

A dokar wasan, guba ba ta kama ƙarfe. Mutanen Bagega a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, da suka ga ɓarnar dalma a 2010, sun san wani ƙarfen shi kansa guba ne.

Sudowoodo kuwa, in ka gan shi sai ka rantse bishiya ce, har da koren 'ya'ya a reshe. Dutse ne. Watsa masa ruwa ka ga gudu.

Charizard, ƙaton ƙadangare mai fukafukai da aman wuta, ba ya cikin dodanni, wuta ne da tashi sama. Tun 2006 akwai tarkon duwatsu da ke kwashe masa rabin rai da zarar ya shigo fili. A ganina an zalunce shi.

Shedinja maki ɗaya tak gare shi na rai, yawancin bugu ba ya ratsa shi, amma guguwar rairayi kaɗai ta ishe shi. A 2016 aka ƙwace wa Gengar baiwar shawagi, girgizar ƙasa ta fara cin sa. A shekarar ce kuma aka fito da Vulpix na ƙanƙara, alhali wuta aka san shi da ita.

Wanda ya fi burge ni shi ne Pachirisu, ɗan kuregen lantarki da 'yan gasa suka raina. Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci kofin duniya da shi a Washington a 2014. Dabarar ita ce kuregen ya riƙa jawo bugun abokan gaba kansa, in na lantarki ne ma ƙara masa lafiya yake. Ta haka Gyarados ɗinsa, wanda lantarki ke yi wa illa ninki huɗu, ya samu sararin ragargazar su.