Shin Ko Kun San? Layin da Ba a Gani, Amma Aljihu Na Ji

Shin ko kun san cewa gigabait ɗaya na data, wanda yaro a Abbatuwa ta Jos ke saya a ƙasa da naira 1,000 ya sha kallo har dare, in aka sayo shi daga kamfanonin eSIM na matafiya yakan kama dala 4 zuwa 5? A lissafa dala a kan naira 1,500: naira 6,000 zuwa 7,500 ke nan, kuma galibi kwana 7 kacal ake ba shi ya ƙare. Duk da haka matafiya na rububinsa. Dalili kuwa, wanda ya bar layinsa na gida yana jan data a ƙasar waje ba tare da ya sayi wani tsari na musamman ba, abin da ake kira romin, shi ne ya san asalin tsada.

Shin ko kun san cewa eSIM ba wani abu ne da za a damƙa maka a hannu ba? Ɗan ƙaramin guntu ne da aka haɗa shi da wayar tun daga masana'anta. Kai dai a turo maka lambar QR, ka haska ta da kyamara, layi ya sauka cikin wayar. Katin SIM na farko, wanda kamfanin Giesecke & Devrient na Jamus ya yi a 1991, girmansa daidai da katin banki. Aka yi ta rage shi har ya kai ɗan mitsitsin da ya zo da iPhone 5 a 2012. Agogon Samsung Gear S2 ya ɗauki eSIM a 2016, wayar Google Pixel 2 ta biyo baya a 2017, Apple ya shigo da iPhone XS da XR a 2018.

A gida fa? MTN da 9mobile ne suka fara gwajinsa a 2020 da amincewar hukumar NCC, Airtel ya bi sahu a farkon 2023. Dattawan da suka sayi layi a kan naira 20,000 ko fiye a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Najeriya, yau ga shi ana sauke layi ta iska.

Shin ko kun san cewa yawancin kamfanonin da ke sayar da wannan data ba su da turken sabis ko ɗaya a ƙasar da za ka? Airalo, wanda aka kafa a 2019, da Holafly, da Nomad, da Saily, duk dillalai ne. Mahautan Abbatuwa sun fi kowa gane wannan harka: a sayi sa sukutum a kara, a feɗe, a kasa shi kashi-kashi, ribar tana cikin ƙananan kashin. Haka su ma suke sarar data daga manyan kamfanonin sadarwa, su yayyanka ta ƙanana. Shi ya sa gigabait ɗaya ya fi kowane tsari tsada, wanda ya sayi 10 ko 20 a lokaci guda kuma kuɗin kowane gigabait ya faɗo masa sosai. Harkar ba ƙarama ba ce: a 2025 masu zuba jari sun ƙiyasta darajar Airalo a sama da dala biliyan ɗaya.

Kuma ba duk ƙasashe ne farashinsu ɗaya ba. Inda kamfanoni suka yi yawa suna gasa, kamar Turai da Turkiyya, data ta yi araha. Inda suke ƙalilan, farashin sari ya hau, na kiri ma ya bi shi. Abin mamakin shi ne, mai fataucin dabbobi da zai tashi daga Jos ya nufi Chadi, ko ya leƙa Maraɗi, sau da yawa zai tarar eSIM ɗin maƙwabta ya fi na Faransa tsada. Ga irin wannan matafiyi, a ganina, babu abin da ya kai ya tsallaka iyaka ya nuna takardunsa ya yanki layin ƙasar, Airtel ko Moov ko Zamani in Nijar ce.

Shin ko kun san cewa waya kan tsallaka iyaka tun kafin mai ita ya tsallaka? A garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya, Illela da Maigatari, waya kan kama sabis ɗin Nijar mutum yana zaune a ƙasarsa. In romin a buɗe yake, kuɗi na tafiya a banza.

Shin ko kun san cewa an taɓa yin zamanin da wannan matsala ta yi sauƙi? A 2007 kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, ya faɗaɗa tsarinsa na haɗe ƙasashe ya haɗa da Najeriya, Nijar da Chadi, ta yadda mutum zai amsa kira kyauta a ƙasar maƙwabta. Ƙungiyar ECOWAS ma ta zartar da dokar sauƙaƙa romin a Disambar 2017, amma sai a 2023 Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu. Tarayyar Turai kuwa tun 15 ga Yunin 2017 ta soke ƙarin kuɗin romin a tsakanin ƙasashenta, shi ya sa eSIM ɗaya ke zagaya Jamus, Italiya da Sifen. Ingila ta fice daga tarayyar, don haka mai zuwa Landan ya duba da kyau ko tsarin da ya saya ya haɗa da ita. Nan kusa kuma, Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka dokar 2017 ta daina hawa kansu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Da dala ake sayar da eSIM na matafiya, kai kuma da naira kake samu. Kafin a saki naira a kasuwa a Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma a farashin gwamnati kuɗin ya ninka fiye da sau uku. Ƙari a kan haka, daga 2022 bankuna da dama sun hana katin naira biyan kuɗi a waje, sai a tsakiyar 2025 suka fara buɗewa, kowane da iyakarsa. A tsakanin nan mutane suka koma ga katin dala na intanet, ko ga yaran da ke sayo musu su ɗora nasu la'ada. Ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince wa kamfanonin gida a Janairun 2025 ya tayar da ƙura, amma ko da shi, datar Najeriya na cikin masu araha a duniya. Mun saba da araha, shi ya sa farashin waje ke razana mu.

Shin ko kun san cewa guzurin da aka ba kowane alhajin Najeriya a 2025 dala 500 ne, bayan ya biya kujerar sama da naira miliyan 8? In ya kashe dala 30 a data, kashi 6 cikin 100 na guzurin ya tafi tun bai sayi dabino ba. Alhaji zai yi wata guda ko fiye a Saudiyya, yana bukatar lambar da jami'in alhazai ko abokin ɗaki zai kira shi in ya ɓace a Mina. To, mafi yawan eSIM na matafiya data ce zalla, babu lamba, babu kiran kai tsaye. Layin STC, Mobily ko Zain, wanda ake yanka da fasfo da hoton yatsa, ya fi dacewa da doguwar zama. Mai Umarar kwana 10, ko mai ziyarar ibada zuwa Urdun da Isra'ila, irin waɗanda jihar Filato ke da su da yawa, shi eSIM ya fi yi wa rana, don yana sauka jirgi sabis ya kama, babu bin dogon layi, babu neman tafinta.

Kada kuma a cire layin gida a jefa cikin jaka. Ta nan banki ke turo lambar sirri in za ka tura kuɗi. A bar shi a kunne, a kashe masa data kawai. WhatsApp kuwa yana nan a kan tsohuwar lambarka, ko da wace data kake hawa.

Shin ko kun san cewa kafin a yi maganar farashi ma, yawancin wayoyin da ke hannun jama'a ba sa ɗaukar eSIM? Tecno, Infinix da itel, waɗanda suka cika shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen Taminus a Jos, akasarinsu ba su da shi. Gwajin mai sauƙi ne: danna *#06#, in ka ga wata doguwar lamba mai suna EID, wayarka na ɗauka. Masu sayen tokumbo su lura da abu uku. iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da ramin SIM sam, eSIM kaɗai. Yawancin waɗanda aka yi wa kasuwar Chana akasin haka ne, rami biyu babu eSIM. Wadda kuma wani kamfanin waje ya kulle a kan layinsa ba za ta karɓi kowane baƙon layi ba, ko ka biya.

Tsarin da ake tallatawa da cewa ba shi da iyaka fa? Sau da yawa yana da ita. In ka ci wani adadi a rana, sai a rage maka gudu har hoto ya gagara buɗewa, wasu kuma su taƙaita raba data ga abokan tafiya. Kiran murya a WhatsApp ba ya cin wani abin kirki. Bidiyo ne ke shanye data, tare da wayar da aka bari tana sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa intanet cikin dare. Lambar QR ɗin ma galibi sau ɗaya take aiki: wanda ya goge layin garin gyare-gyare, sai dai ya sake saye.

Shin ko kun san cewa wasu gwamnatoci ba sa murna da wannan kasuwa? Indiya ta sa an cire Airalo da Holafly daga rumbun manhajoji na ƙasarta a Janairun 2024. Turkiyya ta toshe shafukan kamfanoni da dama a Yulin 2025, don haka mai zuwa Istanbul saro abaya da takalma ya sauke nasa tun yana gida. A Chana kuwa lamarin ya juye ya zama riba: saboda datar eSIM kan bi ta Hong Kong ko Singafo kafin ta fita duniya, ɗan kasuwar da ke Guangzhou yakan iya buɗe WhatsApp da Facebook ya nuna wa abokin cinikinsa na Jos samfurin kaya, alhali mai layin ƙasar ba ya iyawa.