Wanda Ya Fara Yin Ashana

'Yan'uwa mata, kowace safiya sai mun ƙyasta ashana kafin mu ɗora tukunya, amma ba mu cika tambayar wanda ya fara yin ta ba. Kakanninmu da ƙyastu da auduga suke fama, in ya ƙi, a aiki yarinya makwabta ta ɗebo wuta a kasko. Matan Turawa ma haka suka sha wannan wahala.

A wani gari da ake kira Stockton, can arewacin Ingila, an yi wani mai sayar da magani, sunansa John Walker. An haife shi a 1781. Mutum ne mai son harhaɗa magunguna ya ga abin da za su yi. An ce wata rana a 1826 yana dama wani haɗi da ɗan tsinke, sai haɗin ya bushe a bakin tsinken. Ya goga shi a dutsen murhu don ya kankare, sai wuta ta tashi. Da wani ne, sai ya yar da tsinken ya ci gaba da aikinsa. Shi kuwa ya zauna ya yi ta gwadawa, har a watan Afrilu 1827 ya fara sayar da ita a kantinsa, tsinke 100 sule guda, gwangwaninsu kwabo 2. Yakan haɗa wa mai saye da 'yar takarda mai kaushi, a naɗe ta, a sa kan tsinken ciki, a fizge.

Abin mamaki, Walker bai yi rajistar abinsa wurin gwamnati ba, balle masu kwaikwayo su riƙa biyansa. Nan da nan wani Samuel Jones a Landan ya kama yin irinta. Walker ya mutu a 1859, bai yi wani arziki da ita ba.

To, ku 'yan makaranta, ga inda nake so ku kasa kunne. Daga baya masu yin ashana suka koma sa wani magani mai guba, farin fosfaras, don ta fi saurin kamawa. Galibin ma'aikatan kuwa mata ne da 'yan mata, waɗansu tsararku. Tururin maganin nan yakan shiga ta haƙori mai rami, ya ci ƙashin muƙamuƙi har ya ruɓe. Ga lada kaɗan, ga tara: in yarinya ta yi surutu ko ta makara, a yanke mata kuɗi.

A 1888 wata mace, Annie Besant, ta buga halin da suke ciki a jarida. Kamfanin Bryant and May ya nemi 'yan matan su sa hannu cewa ƙarya ne, suka ƙi. Da aka kori ɗaya daga cikinsu, sai wajen mata 1,400 suka ajiye aiki. Ba ƙungiya gare su ba, ba kuwa ajiya. Duk da haka suka daure kamar mako biyu, har kamfanin ya soke tara, ya mai da wadda ya kora, ya kuma yarda su riƙa cin abinci a wani ɗaki dabam, nesa da gubar.

Maganin kansa dai bai bar masana'antun Ingila ba sai 1910, da doka ta hana shi. Irin wadda muke saye yanzu, wadda ba ta kamawa sai a jikin kwalinta, mutanen Suwidin ne suka gyara ta.