Tayar da Ta Yi Ƙwai Ba Ta Faci

Ran nan ina tsaye a ƙarƙashin gadar Marine Beach da ke Apapa, ina jiran a duba mini iska, sai ga wani direban bas, ɗan'uwanmu, ya zo yana mirgino taya. Ƙarfe ne ya yanke ta a gefe, daf da inda ake rubuta sunan kamfani. Tsagar ta kai tsawon yatsa, har zaren ciki ya leƙo, kusa da ita kuma ga wani ƙulu ya taso kamar ƙwan kaza. Mai facin, wani dattijo da hannuwansa suka yi baƙi ƙirin, ya juya ta, ya danna da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ta gama aiki. Sai dai wata."

"Haba Baba, kai dai liƙa mini ka sa tif a ciki. Gobe da asuba zan yi lodi a Agege, Kano za ni. In na dawo na canza."

Kano fa! Tafiyar kusan kilomita 1,000, mota maƙil da mutane, kaya har saman rufi, ga kwaltar Jebba da Mokwa da rana tsaka. Dattijon ya ƙi. Direban ya mirgina abarsa wajen wani yaro mai faci can gaba kaɗan, shi kuwa ya liƙa masa ba tambaya ba ja-in-ja.

Wai me ya sa muke haka ne? Duk wanda ya daɗe da riƙe sitiyari ya san inda ake yi wa taya faci: tsakiyarta, wurin zanen da ke taka ƙasa. In ƙusa ce ta huda nan, ramin kuma bai wuce faɗin milimita 6 ba, sai a cire tayar daga wili, a duba cikinta, a liƙe ta ciki. Wannan gyara ne mai kyau, babu dalilin zubar da taya saboda shi. Amma gefen taya shi ne yake lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, faci ba ya zama a wurin. Ƙwai kuwa alama ce cewa zaren da ke riƙe da jikin tayar ya tsinke, roba kawai ta rage tana tare iska. Gam ba ya ɗinke zare, tif ma ɓoye ciwon kawai yake yi. Ranar da ta ɗau zafi tana gudu, ba sacewa za ta yi a hankali ba, fashewa za ta yi. In ta gaba ce, sitiyari ya bar hannun direba ke nan.

Na san taya ta yi tsada. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008, muka koma dogaro da na waje, dala na tashi taya na tashi. Shi ya sa aka raja'a kan tokumbo, duk da cewa tsofaffin tayoyin mota suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. To in ma ita za ka saya, aƙalla ka duba shekarunta. A gefen taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Kada baƙin mai da aka shafa mata ya ruɗe ka, ka kuma kula da waɗanda suka suɗe aka sake fiƙe musu zane da wuƙa. Zanen da bai kai zurfin milimita 1.6 ba sanƙo ne, a ruwan Legas kuwa santsi zai kwashe ka.

Iska ma a riƙa auna ta da geji, da safe kafin taya ta ɗau zafi. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne.

Mu fasinjoji ma da namu laifin. Muna iya ɓata rabin sa'a muna cinikin kuɗin mota da na kaya, amma ba mai sunkuyawa ya kalli abin da zai ɗauke shi. Ni dai tun daga ranar, duk bas ɗin da zan shiga a Agege sai na zagaya ta, na shafa gefen tayoyin huɗu, na ce a nuna mini safaya. Yaran mota har tsokanata suke yi wai ga ɗan Road Safety ya iso. Sau biyu ke nan ina sauke jakata in jira ta gaba.