Tsohon rubutun da ke raba memori a wayarka, da masu gadinsa

Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da Linux, ko ya sani ko bai sani ba. A can ƙarƙashin WhatsApp da TikTok akwai kanel, wato zuciyar manhajar, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Ɗaya daga cikin manyan ayyukanta shi ne rabon memori: wace manhaja za a ba wuri, nawa za a ba ta, yaushe za a karɓe. Wasu layukan da ke wannan aiki sun girmi yawancin masu latsa wayar.

A watan Oktoban 2016 aka ga haɗarin hakan, lokacin da aka bankaɗo ɓarakar da ake kira Dirty COW. Don tattalin wuri, idan manhajoji biyu suna karanta abu guda, kanel ba ta yi wa kowacce kwafi sai ɗaya ta nemi canza shi. Kuskuren yana cikin ɗan taƙin da ke tsakanin yin kwafin da yin rubutun. Mai mugun nufi kan yi ta maimaita buƙata da sauri har rubutunsa ya faɗa kan asalin fayil ɗin da aka hana shi taɓawa, daga nan ya mallake na'urar. Ɓarakar ta kwana a ciki tun 2007. Torvalds da kansa ya bayyana cewa ya taɓa yunƙurin toshe ta shekara 11 kafin nan, amma aka janye gyaran saboda ya kawo matsala a manyan kwamfutocin s390 na IBM.

Wahalar aikin ke nan: layi guda yana hidima ga wayar hannu da kwamfutar banki a lokaci ɗaya, in ka gyara nan sai can ya ɓalle.

Shi ya sa masu kula da sashen suka koma rage kaya. Shekara da shekaru Linux na ɗauke da hanyoyi 3 na raba ƙananan gutsattsarin memori: SLAB, SLOB da SLUB. Kowane sabon gyara sai an gwada shi a kan dukkansu. Vlastimil Babka na kamfanin SUSE ya jagoranci cire SLOB a 2023, sannan SLAB ta bi baya a sigar 6.8 ta Maris 2024, bayan an yi wa masu amfani da ita gargaɗi na watanni. SLUB, wadda Christoph Lameter ya kawo a 2007, ita ce ta rage.

Sai dai gyaran ba ya isa waya sai kamfanin da ya ƙera ta ya tura sabuntawa. Tsohuwar wayar da aka daina yi wa hidima tana nan da ramukanta, alhali da ita ake tura kuɗi gida. Kafin ka saye ta hannu, shiga saitin wayar ka duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe.